Kwanta ka huta ko tashi ka taka? Tarihin shawarar da ake ba mai ciwon baya

Mai karatu, in ka taɓa tsayawa da safe a bakin ƙofar Asibitin Malam da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ka san yadda titin Zariya yake cika. Zaɓi mutum biyu daga cikin masu wucewa. Ga direban adaidaita sahu, tun bayan sallar asuba yake zaune a kujera ɗaya, kuma sai dare zai sauka. Ga ɗan garuwa yana turo kura mai jarka 12, kowace jarka lita 25, wato ruwan kaɗai ya kai kilo 300. Na farko bai motsa ba, na biyu bai huta ba. Amma in ka zauna da su da yamma ka tambayi lafiyar jiki, ba mamaki su ba ka amsa iri ɗaya: bayan nan ne ya matsa mini.

To, wa za a ce wa ya motsa jiki, wa kuma za a ce wa ya huta? Likitoci sun shafe fiye da shekara ɗari suna ba da amsa guda, daga baya bincike ya tilasta musu janye ta. Tarihin wannan sauyi za mu bi, tare da tarihin yadda aikin jiki ya canza a unguwannin Tarauni, domin sai an haɗa su biyun ake gane shawarar da ta dace da kai.

Wane ciwo muke nufi?

Muna magana ne a kan ciwon ƙasan baya, daga ƙarshen haƙarƙari zuwa saman ɗuwawu, wurin da wasu ke kira tsatso, wasu kwankwaso, wasu ƙugu. Ƙasusuwa biyar ne a jere a wurin, tsakanin kowane biyu akwai wani faifan guringuntsi mai laushi da ke shanye nauyi, ga kuma tsoka da jijiyoyi kewaye da su. Yawancin mutane ciwon yakan zo ya lafa cikin 'yan makonni. In ya haura wata uku, shi ne ake cewa ya zama mai daɗewa.

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya nuna mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 a 2050. Shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane gudanar da harkokinsu. Wani abu da ya kamata ka riƙe tun yanzu: a kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, ba a samun wata cuta takamaimai ko karaya da za a nuna a ce ita ce sila. Ciwon gaskiya ne, sai dai ba alamar cewa baya ya lalace ba ne.

Yadda kwanciya ta zama magani

Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen tiyata da aka sani shi ne wata takardar Masar da ake kira da sunan Edwin Smith, wadda aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Matsaloli 48 ta lissafa, na ƙarshe kuwa targaɗen ƙashin baya ne. Marubucin ya fara bayanin magani da cewa a kwantar da mutumin rigingine, sai rubutun ya yanke a tsakiyar jimla.

Ba duka magabata ne suka tsaya a kan kwanciya ba. Ibn Sina, a littafinsa Al-Ƙanun da ya kammala a 1025, ya sa motsa jiki a sahun farko na abubuwan da ke kiyaye lafiya. Kwanciya mai tsawo a matsayin magani ta samu gindin zama ne a Turai daga baya, kuma da dalilinta. A 1779 wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya yi bayanin cutar da ke cinye ƙashin baya har mutum ya yi doro ko ya shanye, wadda daga baya aka gane tarin fuka ne ya shiga ƙashi. Maganin tarin fuka bai samu ba sai a shekarun 1940. Kafin nan, abin da ya rage wa likita shi ne ya hana ƙashin motsi. John Hilton ya wallafa laccocinsa kan hutu da ciwo a 1863, Hugh Owen Thomas na Liverpool kuma ya shahara da koyar da hutu na dole, mai tsawo, ba katsewa. Ga ƙashin da cuta ta ci ko ya karye, wannan hikima ce. Kuskuren shi ne da aka ɗauki hukuncin aka shimfiɗa shi a kan kowane ciwon baya.

A 1934 wasu likitoci biyu a Boston, William Mixter da Joseph Barr, suka nuna cewa faifan guringuntsi yana iya fashewa ya danne jijiya, ciwo ya sauka har ƙafa, kuma ana iya yi masa tiyata. Gaskiya suka gano, amma gaskiyar 'yan kaɗan ce daga cikin masu ciwon. Duk da haka tunanin ya bazu: baya kamar inji ne, in ya yi ciwo to wani ƙarfe ya goce, a kashe injin har sai an gyara. Aka riƙa kwantar da mutane mako ɗaya, mako biyu, wani lokaci a asibiti da nauyi rataye a ƙafa.

Da wannan fahimta ilimin ya iso ƙasar nan. Aikin fisiyo ya fara a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas a 1945, asibitin ƙashi na Dala ya buɗe a 1959, Jami'ar Ibadan ta fara digirin fannin a 1966. Saurari sunan da Kanawa suka raɗa wa sashen: gashi. Za a kai shi gashi, likitan gashi. Sunan ya adana hoton zamaninsa, mara lafiya a kwance, fitila mai zafi a kan bayansa. A gida ma haka abin yake. Wanzami ya yi ƙaho, mai magani da lasifika ya ce basir ne ko sanyi, a ba ka jiƙo. Ko ta asibiti ko ta gargajiya, mai ciwon yana kwance ne ana yi masa, shi ba ya yin komai.

Gwaje-gwajen da suka juya maganar

A 1966 masu bincike a birnin Dallas na Amurka suka kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, na tsawon mako uku. Da suka tashi, ƙarfin zuciya da huhunsu na ɗaukar aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen, sai aka ga mako ukun nan na kwanciya ya fi shekaru 30 na tsufa raunana su. Ka ga kenan hutu ma magani ne mai illa, ba kyauta yake ba.

Gwaji a kan baya kai tsaye ya zo a 1986. Richard Deyo da abokan aikinsa a San Antonio suka raba marasa lafiya 203 gida biyu, wasu aka ce su kwanta kwana biyu, wasu kwana bakwai. Wajen sauƙin ciwo ba a ga bambanci ba, amma masu kwana biyu sun rage asarar ranakun aiki da kashi 45 cikin 100. A 1987 Gordon Waddell, likitan ƙashi a Glasgow, ya fito fili ya ce tsarin ne da kansa ke ƙara nakasa mutane, kuma tsoro da damuwa da yanayin aiki suna da hannu a daɗewar ciwo kamar yadda ƙashi da tsoka suke da shi. A 1995 aka yi gwaji a kan ma'aikatan birnin Helsinki 186 a Finlan: kwanciyar kwana biyu, ko atisayen baya, ko ci gaba da harkokin yau da kullum gwargwadon yadda ciwo ya bari. Rukuni na ukun ne suka riga kowa warkewa, masu kwanciya suka zo na ƙarshe.

Hoton MRI ma ya kawo nasa darasin. A 1994 aka ɗauki hoton bayan mutum 98 da ba sa jin ciwon komai. Fiye da rabinsu aka samu faifansu ya bunƙuso, kashi 36 cikin 100 ne kawai duk faifansu ke daidai. Wato yawancin abin da hoto ke nunawa kamar furfura ne, alamar shekaru. In an ce maka hotonka ya nuna zaizayewa, ba a ce maka ka gama aiki ba.

Me ya sa motsi ke taimakawa? Faifan guringuntsi kusan ba shi da hanyoyin jini. Kamar soso yake, in an matsa ruwa ya fita, in an saki ya shiga da abinci, shi ya sa ma kake ɗan fin tsawo da safe fiye da yamma. Tsokar da ba ta aiki kuma tana ƙanƙancewa cikin 'yan makonni. Sai kuma ɓangaren tsoro, wanda shi ne gadar da ke kai sabon ciwo ya zama tsoho. Baya ya riƙe, ka ji tsoron sunkuyawa, ka daina. Tsoka ta yi rauni, gaɓɓai suka sandare, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo suka ƙara saurin firgita. Ran da ka sake gwadawa sai ya fi ciwo, ka ce ai dama na faɗa. Haka ake zagayawa har shekara.

A daidai lokacin, me ke faruwa a Tarauni?

Yayin da likitocin Turai da Amurka ke sauya ra'ayi, jikin Bakano ma yana sauya aiki. Unguwannin da muke kira Tarauni, Darmanawa, Daurawa da Unguwa Uku a bayan ganuwa suke, ƙauyuka ne da gonaki ke kewaye da su. Sunan Ƙauyen Alu ma ya isa shaida. Masanin ƙasa Michael Mortimore, da ya yi nazarin karkarar da ke zagaye da Kano a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigar da itace birni su fito da taki. Mai jakin a ƙasa yake tafiya. Mata na daka da surfe da niƙa da jan ruwa a rijiya. Kada mu yi wa zamanin kwalliya, domin noma da fartanya a sunkuye yana cin baya, haka leburorin da suka tara dalar gyaɗa da buhuna a ka bayan jirgin ƙasa ya fara jigila a 1912. Amma aikin yini ɗaya yakan haɗa tafiya, tsuguno, ɗauka da zama, kuma rani da damina ba aiki ɗaya ake yi ba.

Bayan an ƙirƙiri Jihar Kano a 1967 birni ya malalo kudu da gabas, ta titin Zariya, titin Gidan Zoo da titin Maiduguri. Gonaki suka zama filaye, filaye suka zama gidaje da ofisoshi. Aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, ya tare a mazauninsa na yanzu a 1996. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Tarauni ta haura mutum dubu 200. Injin niƙa da na markaɗe suka karɓi aikin turmi da dutse. Acaɓa ta yawaita, tafiyar da a da ake yi a ƙasa ta koma ta hawa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku na A Daidaita Sahu, da aka hana acaɓa a Janairun 2013 kuwa sai suka mamaye tituna. Wayar salula ta zo a 2001, ta haifar da kasuwa irin ta Farm Centre, inda matashi zai yini a duƙe a kan tebur yana gyaran waya.

Abin lura a nan shi ne aiki bai ƙare ba, rabuwa ya yi gida biyu. Wasu sun samu zama zalla: direba, tela, mai shago, ma'aikacin ofis, uwar gida da komai ke iske ta a ɗaki. Wasu sun samu ɗauka zalla: ɗan dako a tashar Unguwa Uku, lebura mai sauke siminti buhu kilo 50, ɗan garuwa, mai wanki da ke yini a sunkuye. Gaurayen da ke tsakani shi ne ya yi ƙaranci.

Ba yawan motsi kaɗai ba, irinsa

A 2009 wasu masu bincike a Holan, ƙarƙashin Hans Heneweer, suka duba mutum fiye da dubu uku, suka ga haɗarin ciwon baya mai daɗewa ya ɗan fi yawa a gefe biyu, wajen marasa motsi da wajen masu aikin da ya wuce kima, ya fi sauƙi a tsakiya. Binciken da aka yi a Kano bai saɓa wa wannan ba. Wani da aka buga a 2015 kan direbobin haya 200 ya samu kusan uku cikin huɗu suna kukan baya. Wani na 2010 kan ma'aikatan jinya 408 a Asibitin Murtala, mutanen da ke yini a tsaye suna ɗaga marasa lafiya, shi ma kusan uku cikin huɗu ya samu. Sai dai ka lura, irin wannan bincike hoto ne na lokaci guda. Yana nuna abubuwa biyu tare, ba ya tabbatar da wanne ya haifi wanne, tunda ciwon kansa yana iya zaunar da mutum.

Shi ya sa binciken da ke bin mutane tsawon shekaru ya fi nauyi. A 2017 Rahman Shiri da abokin aikinsa suka tattara irin waɗannan guda 36, suka ga motsa jiki na lokacin hutu yana rage haɗarin ciwon baya mai daɗewa da kashi 11 zuwa 16 cikin 100. Andreas Holtermann na Denmak ya yi ta jan hankali a kan cewa aikin ƙarfi na neman abinci ba ya ba da irin wannan amfani. Dalilin a fili yake. Mai atisaye yana yin minti 30 ko 40, ya tsaya in ya gaji, gobe ya huta. Ɗan dako yana maimaita motsi ɗaya na sa'o'i, ba shi ya zaɓi nauyin ba, in ya huta kuma ba cefane.

Ga wanda ciwon ya riga ya daɗe masa fa? Wata babbar bita ta 2021 da ta haɗa gwaje-gwaje 249 ta nuna atisaye yana rage ciwo da kimanin maki 15 a ma'aunin 100 in an kwatanta da rashin yi. Ba warkewa ce ta dare ɗaya ba, amma sauƙi ne da ake ji a jiki, ba ya kuma cin ƙoda ko tumbi.

An gwada a gida ma. Masu bincike daga Jami'ar Bayero, Aminu Ibrahim da Mukadas Akindele da Sokunbi Ganiyu, sun yi gwaji da mutum 120 masu ciwon baya mai daɗewa a Tsakuwa ta Dawakin Kudu, aka buga sakamakon a 2023. Wasu aka koya musu atisayen tsokar ciki da baya, wasu aka yi musu bayanin ciwon da Hausa don a cire musu tsoro, wasu aka haɗa musu duka. Kowane rukuni ya samu sauƙi, amma waɗanda aka haɗa wa biyun sun fi. Ba injin da aka shigo da shi daga waje. A Disamban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko kan wannan ciwo. Ta goyi bayan ilimantarwa da atisaye, ta ce kada a dogara da ɗamarar baya ko jan baya da nauyi, kada kuma a yi amfani da ƙwayoyi dangin tramadol. A 2024 wani gwaji a Ostareliya da mutum 701 ya nuna waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya a ƙasa sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su aiki, sauran kuwa kwana 112.

To kai fa?

In kana cikin masu zama, abin da ya ɓace maka tafiya ce. Fara da minti 10, ka ƙara kaɗan duk mako, burin shi ne minti 150 zuwa 300 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara. Sauka daga adaidaita kafin kwanar gidanku. Tafi masallaci a ƙasa. In direba ne kai, duk lokacin da kake jiran fasinja fito ka miƙe. Ke ma uwar gida, zagayen tsakar gida da ziyarar 'yan uwa a ƙasa duk lissafi ne. Ɗan ƙarin ciwo a kwanakin farko, wanda ke lafawa zuwa washegari, ba alamar ɓarna ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

In kana cikin masu ɗauka, ba ƙarin wahala kake buƙata ba. Raba kaya biyu in zai rabu, matso da shi jikinka kafin ka ɗaga, sauya aiki ko kafaɗa, ka samu barci. Haɗarinka mafi girma shi ne ƙwayar da ke kashe ciwo don ka ci gaba da lodi. Tramadol yana kama mutum, diclofenac da ibuprofen kuma in an mayar da su abincin kullum suna iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Masu ba da aikin su ma da nasu haƙƙin, domin baro ko ƙarin mutum ɗaya a kan buhu ya fi kuɗin asibiti araha.

Akwai kuma lokacin da tsohuwar dokar Pott da Hilton ke nan daram, domin tarin fuka na ƙashin baya bai ƙare a ƙasar nan ba. In ciwon baya ya zo da zazzaɓi, gumin dare ko rama, in ƙafa na yin rauni, in fitsari ko bayan gida ya ƙi fita ko yana zuba ba ka sani ba, in tsakanin cinyoyi ya mutu, in ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko hatsari, ko kana da sikila ko tarihin ciwon daji, to ba maganar tafiya ba ce, asibiti za ka nufa a ranar.

In ba ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma an tura ka sashen gashi, kada ka tsaya a kan fitila da tausa. Suna kawo sauƙi na ɗan lokaci, ba laifi. Amma kafin ka fito, ka tambayi likitan wane atisaye za ka riƙa yi a gida, sau nawa a mako, da kuma ranar da za ka dawo a duba ko lokacin ƙara shi ya yi.